Tsofaffin Taswirorin Tallar Birane da Matsayinsu a Tarihin Gari

1. Gabatarwa

Idan aka dubi dalilin yin taswira, za a iya kasa ta gida biyu. Akwai wadda hukuma kan sa ma'aikatan safiyo su auna ƙasa su zana, domin a san iyakar fili da ta gunduma, ko a shata hanya, ko a tsara haraji. Akwai kuma wadda ɗan kasuwa, ko kamfani, ko ƙungiyar attajiran wani gari kan sa a buga, domin a jawo baƙi da masu zuba jari, ko kuwa a sayar da wata haja. Ta farkon tana da mazauni, watau ofishin safiyo, inda akan ba ta lamba a adana ta. Ta biyun ba ta da mai riƙo. Akan raba ta kyauta ko a sayar da ita da araha, a yi amfani da ita har ta yage, sa'an nan a zubar.

Wannan lacca ta shafi kashi na biyun ne. Za ta bi asalin irin wannan taswira a Amurka da Ingila, inda sana'ar ta fi bunƙasa, ta bayyana yadda ake yin ta da wanda yake biyan kuɗinta, sa'an nan ta nuna dalilin da ya sa takardar da aka buga don a yar ta zama abin da gidajen tarihi da masu tara kayan da suke nema ruwa a jallo. Abin da ake so a fahimta shi ne, taswirar talla shaida ce mai son zuciya, amma son zuciyar nata yana da ƙa'ida, kuma wanda ya san ƙa'idar zai tsinci tarihin da babu shi a fayil ɗin gwamnati.

2. Taswirar kallon tsuntsu

Tsakanin shekarun 1840 da na 1920 wata irin taswira ta yi tashe a Amurka da Kanada, wadda masu ita suke kira da sunan da ke nufin kallon tsuntsu. Wanda ya taɓa hawa Dutsen Dala ya dubi birnin Kano zai gane fasalinta nan take: ga unguwanni shimfiɗe, ga tituna sun ratsa, ga kowane gini da tsayinsa da rufinsa, na kusa manya, na nesa ƙanana. Bambancin kawai shi ne, yawancin garuruwan da aka zana ba su da dutsen da za a hau, kuma a farkon zamanin babu jirgin sama. Mai zane ne yake ƙaddara cewa yana sama da garin da kimanin ƙafa 2,000 zuwa 3,000, ya zana abin da ido zai gani daga can.

Aikin kuwa na ƙafa ne. Mai zane yakan fara da shata titunan garin a babbar takarda, a karkace, kamar yadda za su bayyana ga mai hange daga sama. Daga nan sai ya bi gari titi-titi da littafinsa, yana zana kowane gida da kanti da masana'anta, yana ƙirga tagogi da benaye. Da yamma ya koma masauki ya ɗora abin da ya tara a gurbinsa. Ƙaramin gari yakan ci 'yan kwanaki, babba kuwa makonni ko watanni. Wata taswirar birnin St. Louis da aka zana a 1875 sai da ta cinye shafi 110 kafin ta ƙare.

Abin da ya sa sana'ar ta yiwu shi ne ɗab'in dutse, wanda wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya ƙago a 1796. Akan yi zane da alƙalami mai maiƙo a kan lafiyayyen dutse, a jiƙa dutsen da ruwa, a shafa tawada. Tun da ruwa da mai ba sa haɗuwa, tawadar takan kama inda aka yi zane kaɗai, sai a danna takarda a kai. Wannan hanya ta fi sassaƙa zane a kan tagulla sauƙi da araha nesa ba kusa ba, har ya zama garin da bai wuce mutum dubu biyu ba yana iya mallakar taswirarsa.

Mutum biyu sun yi fice a wannan fage. Albert Ruger, wanda aka haifa a ƙasar Jamus a 1829 ya rasu a 1899, magini ne da farko, ya koyi hannu da zana sansanonin soja lokacin yaƙin basasar Amurka, kuma a shekarar 1869 kaɗai ya fitar da taswira fiye da 60. Na biyun, Thaddeus Fowler (1842 zuwa 1922), ya fara aiki a ƙarƙashin Ruger, ya shafe fiye da shekara 50 yana yawo gari-gari, ya bar taswira sama da 400, fiye da rabinsu na garuruwan jihar Pennsylvania. Wani malamin Jami'ar Cornell, John Reps, ya bi diddigin sana'ar, ya fitar da littafi a 1984 wanda ya lissafa taswirori kusan 4,500 na wannan iri.

3. Wa yake biya?

Ba gwamnati ce take ɗaukar nauyin waɗannan taswirori ba. Idan mai zane ya gama zanen farko, wakilinsa yakan kafa shi a wani kanti ko otal, jaridar garin ta yi shela, jama'a su zo su gani. Wanda yake so sai ya rubuta sunansa ya yi alkawarin sayen kwafi, galibi a kan dalar Amurka 1 zuwa 5. In masu alkawari sun kai yadda za a mayar da kuɗin ɗab'i, sai a aika da zanen maɗaba'a. Ban da wannan, mai banki ko mai masana'anta yakan ƙara kuɗi domin a zana gininsa daban a gefen takarda, ko a sa masa lamba a jerin muhimman wurare da ke ƙasan taswirar. Dillalan filaye da kamfanonin jirgin ƙasa sukan sayi kwafi da yawa su aika garuruwa masu nisa, domin su kwaɗaitar da masu neman wurin zama.

Wannan tsari shi ne mabuɗin karanta taswirar, kuma yana da kyau a kwatanta shi da abin da Bahaushe ya sani game da kirari. Maroƙi yana iya kai ubangidansa inda bai kai ba wajen ƙarfi da kyauta da jaruntaka, ba wanda zai ce masa kanzil. Amma ba ya kuskure sunan mahaifin ubangidan, ko sarautarsa, ko garin da kakansa ya fito, domin a gaban mai abin yake magana, kuma daga hannunsa yake jiran tukuici. Saboda haka masanin tarihi ba ya watsi da kirari. Yana rarrabe inda maroƙi yake da 'yancin zuzutawa da inda tilas ya faɗi daidai.

Haka taswirar talla take. Mai gida ba zai biya kuɗin takardar da ta rage masa bene ɗaya ba, ko ta kai kantinsa wani titi. Tun a wurin nunin zanen farko mutane sukan nuna kuskure a gyara. Don haka wurin da gini yake, da siffarsa, da sunan titi, da sunan mai masana'anta, abubuwa ne da akan same su daidai ƙwarai. Inda mai zane yake sakin hannu shi ne abin da ba na kowa ba: sai a ga kowace masana'anta tana tuƙa hayaƙi, domin a wancan zamani hayaƙi alamar arziki ne, tashar ruwa cike da jirage, jirgin ƙasa yana shigowa wani yana fita, tituna a share, ba taɓo ba juji. Wani lokaci akan shata titunan da ba a riga an yi ba, a bayan gari, inda dillali yake da filayen sayarwa. Jerin muhimman wurare kuwa na masu hali ne. Za a ga coci da banki da otal da makaranta, amma unguwar leburori, ko da an zana rufinta, ba safai akan ba ta suna ba.

4. Daga bango zuwa aljihu

Wajen shekarun 1920 taswirar kallon tsuntsu ta fara ja da baya. Birane sun yi girman da mutum ɗaya ba zai iya bin su da ƙafa ba, jirgin sama ya kawo hoton gari daga sama na haƙiƙa, sa'an nan karyewar tattalin arziki ta 1929 ta busar da aljihun masu biya. Amma talla da taswira ba su rabu ba, sai dai suka sake kama.

A Landan, kamfanin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ga mutane ba sa hawa jirginsa a ranakun hutu. Jami'insa mai kula da talla, Frank Pick, ya sa wani mai zane, MacDonald Gill, ya yi taswirar birnin mai launi, cike da ƙananan hotuna da barkwanci, aka manna ta a tashoshi a 1914. Mutane suka riƙa tsayawa kallonta, har aka buga wadda ake sayarwa. Daga ita ne salon taswira mai hotuna ya bazu zuwa birane da dama, inda otal-otal da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da hukumomin yawon buɗe ido suka rungume shi.

A Amurka kuwa mota ce ta kawo sabon salo. A 1914 kamfanin mai na Gulf, a birnin Pittsburgh, ya fara raba wa masu motoci taswirar hanya kyauta, da tambarinsa a bango. Sauran kamfanoni suka bi sahu, har ya zama duk wanda ya tsaya shan mai yana iya karɓar taswirar jiha ko ta birni ba ko kwabo. An ƙiyasta cewa an raba kimanin biliyan 8 kafin tsadar mai ta 1973 ta sa kamfanoni su janye hannu. Hikimar a fili take: wanda ya san hanya zai yi tafiya, wanda ya yi tafiya zai sha mai, kuma taswirar ta riga ta nuna masa gidan man da zai tsaya.

Akwai wani abin lura game da waɗannan. Maɗaba'un da suke zana su sukan dasa ƙaramin kuskure da gangan, domin su kama wanda ya kwafi aikinsu. Sanannen misali shi ne Agloe, sunan wani ƙauye da babu shi, wanda wata maɗaba'a ta sa a taswirar jihar New York da ta yi wa kamfanin Esso a shekarun 1930, ta haɗa sunan daga haruffan farko na sunayen mutum biyu na kamfanin. Wannan ya isa gargaɗi ga mai bincike cewa kada ya dogara da takarda ɗaya.

5. Abin da ya ba ta daraja

Dalili na farko shi ne ƙaranci. Abin da aka saya da tsada akan adana shi, abin da aka samu kyauta kuwa akan naɗe ƙosai da shi. Takardar ma ba mai ƙarko ba ce, ga ninki yana cin ta. Saboda haka taswirar da aka buga dubbai tana iya zama saura 'yan ƙwarori a duniya. Babban dalilin da ya sa na Amurka da yawa suka tsira shi ne wata doka ta 1870, wadda ta wajabta wa mai neman haƙƙin mallakar abin da ya buga ya ajiye kwafi biyu a Laburaren Majalisar Dokoki da ke Washington. A yau wannan laburare yana riƙe da taswirorin kallon tsuntsu fiye da 1,500, kuma ya ɗora hotunansu a intanet.

Dalili na biyu shi ne, gari yana sauyawa, takarda ba ta sauyawa. Ruger ya zana Chicago a 1868. Bayan shekara uku, a watan Oktoba na 1871, gobara ta cinye tsakiyar birnin. Takardar da aka yi don yabon gari sai ta koma shaidar garin da babu shi. Ko ba gobara, rusau da faɗaɗa titi da sauya suna suna yin irin wannan aiki sannu a hankali.

Dalili na uku shi ne tallace-tallacen da ke gefe, waɗanda a zamaninsu su ne mafi ƙasƙancin abin da ke takardar. A cikinsu akan sami sunan kanti, da abin da yake sayarwa, da titin da yake, da kuɗin kwana a otal, da lambar tarho. Taswirar safiyo ba ta damu da waɗannan ba, alhali da su ne ake gane yadda kasuwancin gari ya tashi daga wata unguwa ya koma wata, da waɗanda suke riƙe da shi.

Dalili na huɗu ya fi sauran zurfi. Taswirar safiyo tana faɗin yadda gari yake, ta talla kuwa tana faɗin yadda manyan gari suke so a gan shi. Abin da suka sa a tsakiya, da abin da suka tura gefe, da abin da suka yi shiru a kansa, duka labari ne game da burinsu da abin da suke jin kunyarsa.

6. Yadda ake gane shekarunta

Yawancin taswirorin talla ba sa ɗauke da shekara, domin mai rabawa ba ya son a ga kayansa sun tsufa. Dole mai bincike ya tsamo shekarar daga abin da ke cikin takardar. Dabarar ɗaya ce a ko'ina, amma tun da kamfanonin mai da otal-otal da hukumomin yaɗa labarai sun buga irin waɗannan takardu a Nijeriya ma, ya fi amfani a kawo misalai daga nan.

Iyakokin mulki su ne ma'auni na farko. Taswirar da ta nuna jihohi uku, Arewa da Yamma da Gabas, ta riga 1963, lokacin da aka yanki ta Tsakiyar Yamma. Jihohi 12 suna nufin tsakanin Mayun 1967 da Fabrairun 1976. Jihohi 19 kuwa daga 1976 zuwa 1987. Kuɗi shi ne na biyu: in an rubuta farashi da fam da sule, an buga ta kafin Janairun 1973. Na uku shi ne layin dogo. Ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos an rufe shi a 1957, layin Barno kuma bai isa Maiduguri ba sai 1964. Na huɗu shi ne sunaye. Titi mai sunan Murtala Muhammed yana nuna bayan Fabrairun 1976. Jami'ar Bayero da wannan suna tana nuna 1977 ko bayanta. Filin jirgin saman Kano bai ɗauki sunan Malam Aminu Kano ba sai bayan rasuwarsa a 1983. Idan babban birnin Chadi ya fito da sunan Fort-Lamy, an zana taswirar kafin sauya sunan zuwa N'Djamena a 1973. Tambarin mai talla shi ma shaida ne, gama gidajen man BP sun koma AP bayan gwamnati ta karɓe kamfanin a 1979.

Ƙa'idar ita ce a nemi abu mafi sabunta da taswirar ta nuna, wannan shi ne iyakar tsufanta. Rashin wani abu kuwa ba hujja ba ce mai ƙarfi, domin maɗaba'a takan yi shekaru tana maimaita tsohon zane, tana sauya bango kawai.

Akwai kuma batun jabu da sabon bugu. An sake buga tsofaffin taswirori da yawa domin ado, kuma ba laifi ba ne muddin ba a sayar da su da sunan na asali ba. Gilashin ƙara girma yakan warware shakka a kan na ƙarni na 19: in aka ga launi ya rarrabu zuwa ƙananan ɗigo-ɗigo a jere, to bugun injin zamani ne, ba na dutse ba. Taswirar da aka yi don aljihu kuma, in ba ta da alamar ninki ko kaɗan, akwai abin tambaya.

7. Adanawa

Maƙiyan takarda a ƙasa mai zafi sanannu ne: gara, da kyankyaso, da danshin damina, da hasken rana, da bushewar hunturu da ke sa ta karye a kan ninki. Amma ɓarnar da mai kyakkyawar niyya yake yi ba ta gaza tasu ba. Salatif yana barin tabon da ba ya fita. Liƙe takarda cikin leda da injin zafi ba ya warwaruwa, kuma yana zubar da darajarta. Abin da ya dace shi ne a buɗe ta a shimfiɗe tsakanin fararen takardu masu kauri, a ajiye ta nesa da ƙasa da bango, in za a yi rubutu a bayanta a yi da fensir. A rubuta inda aka same ta da wanda ya mallake ta, domin taswirar da aka san asalinta ta fi amfani ga bincike. A ɗauki hotonta gaba da baya, har da tallace-tallacen, a riƙa aiki da hoton, ita kuwa a bar ta ta huta.

8. Kammalawa

Biranen Arewa sun sauya cikin shekara 60 ɗin da suka wuce fiye da yadda tsofaffin mazaunansu za su iya lissafawa. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, an cike kududdufai da yawa an yi gini a kansu, gidajen silima da dama sun koma wasu abubuwa. A Kaduna, otal ɗin Durbar da aka gina domin bikin FESTAC na 1977 an rushe shi a 2020. Duk wata ƙaramar taswira da wani otal, ko gidan mai, ko kwamitin baje koli ya raba a waɗancan shekaru ta shiga sahun taswirar Chicago ta 1868, ko da kuwa tana kwance a ƙasan akwati.

Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa masu ɗab'i a Nijeriya su ajiye kwafin abin da suka buga, sai dai takardar da aka raba kyauta a bakin kanta ita ce mafi sauƙin kuɓucewa daga irin wannan doka. Saboda haka nauyin ya koma kan mutum biyu. Na farko shi ne ma'aikacin gwamnati, wanda a hannunsa ake share sito a ƙone abin da aka kira tsofaffin takardu. Kafin a kunna ashana, ya kamata a ware duk wata taswira, a tuntuɓi Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko Arewa House, ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha. Na biyu shi ne ɗalibi mai neman abin da zai yi bincike a kai. Taswira biyu na gari ɗaya, da tazarar shekara 20 a tsakaninsu, in aka jera su aka bi su titi-titi, aka kuma tambayi dattawan unguwa abin da takardun suka tsallake, sun isa kundin digiri. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an sami wanda ya adana ta.